Damben tsurar hannu na mata: me ake nufi idan an ce 'yar dambe "tana tasowa"?

Macen da ta ci wasa uku a jere a damben da ake yi babu safar hannu, gwana ce ta gaske, ko kuwa fagen ne ba shi da mutane? Kuma da gaske ne cire safar yana rage haɗari, kamar yadda masu shirya wasan ke faɗa, ko ƙara shi yake yi? Waɗannan tambayoyi biyu ne ke tasowa duk lokacin da gajeren bidiyo ya zagaya a Facebook ko TikTok, a ga mata biyu cikin fage mai igiyoyi, jini na gangarowa daga girar ɗaya, ɗayar kuma an ɗaga hannunta ana kiranta sabuwar tauraruwa. Masu kallo kan rabu biyu nan take. Wasu su ce wannan dabbanci ne tsantsa, wasu su ce jarumta ce. Dukansu jinin suke kallo. Abin da ke yanke makomar 'yar damben kuwa yana wani wuri daban: ƙasusuwan hannunta, fatar girarta, tazarar da ake ba ta tsakanin wasa da wasa, da kuma wadda aka zaɓa mata ta kara da ita.

Wane irin wasa ne, kuma wa ke tafiyar da shi

Kamfanin da ya fi suna a harkar shi ne Bare Knuckle Fighting Championship, wanda aka fi sani da BKFC. David Feldman, tsohon ɗan boksin daga yankin Philadelphia a Amurka, shi ya kafa shi. Wasansa na farko an yi shi ran 2 ga Yuni, 2018 a garin Cheyenne na jihar Wyoming, jihar da ta fara halatta wasan. Tun a wannan dare akwai mata a jerin masu karawa: Bec Rawlings 'yar Ostireliya, wadda ta taɓa fafatawa a UFC, babban kamfanin wasan faɗa mai haɗa naushi da shuri da kokawa, ta doke Alma Garcia. A 2024 Conor McGregor, shahararren ɗan wasan UFC, ya shiga cikin masu hannun jari, abin da ya ƙara wa kamfanin 'yan kallo. Akwai kuma wani kamfanin da ya taso daga Miami da sunan BYB, mai amfani da fage mai kusurwa uku, wanda daga baya ya haɗe da BKB na Ingila.

Dokokin BKFC ba su da yawa. Turmi biyar ake yi, kowanne minti biyu, da hutun minti ɗaya a tsakani. Naushi kaɗai aka yarda da shi, babu shuri, babu gwiwa, babu kayarwa irin ta kokawa. An yarda a naɗe wuyan hannu da babban yatsa da tsakiyar hannu da bandeji da filasta, amma dole naɗin ya tsaya inci ɗaya, wato kimanin santimita 2.5, kafin gaɓoɓin da ke bakin dunƙule. A tsakiyar fagen akwai layi biyu da tazarar kusan santimita 90 a tsakaninsu, kuma a kansu ake fara kowane turmi, ƙafa a kan layi. Ke nan babu lokacin zagaye-zagaye ana auna juna. Da an ba da izini, naushi ya riga ya isa. Wadda aka kayar tana da ƙidaya goma ta miƙe. Idan an kai ƙarshe ba wadda ta faɗi, alƙalai uku ne ke ba da maki kamar a boksin.

Akwai doka guda da ta raba wasan da boksin nesa ba kusa ba: an yarda a riƙe. 'Yar dambe na iya saƙala hannu ɗaya a ƙeyar abokiyar karawarta, ta janyo kanta ƙasa, ta riƙa zuba mata naushi da ɗaya hannun. A boksin wannan laifi ne da ake cire maki a kansa. A nan kuwa makami ne, kuma alƙalin wasa ba ya raba su sai ya ga an daina naushi.

Ajin nauyin mata da aka fi karawa a ciki su ne na kilo 52, kilo 57, kilo 61 da kilo 66, idan aka daidaita alƙaluman.

Tsohon abu ne ya dawo

Boksin da kansa da tsurar hannu ya fara. A Landan, a 1722, wata mata mai suna Elizabeth Wilkinson ta ƙalubalanci Hannah Hyfield a jarida, da sharaɗin kowacce ta damƙe tsabar kuɗi a tafin hannunta, wadda ta fara sakin nata ta sha kashi. Dabarar ita ce a hana yakushi da tsone ido, tunda wadda ta buɗe hannu kuɗin zai faɗi. Dokokin Queensberry na 1867 ne suka shigo da safa da turmi mai ƙayyadajjen lokaci. Babban wasan kambu na ƙarshe da tsurar hannu a Amurka shi ne na John L. Sullivan da Jake Kilrain a jihar Mississippi a Yulin 1889, wanda ya kai turmi 75. Daga nan harkar ta koma ta ɓoye har shekara 129.

Safa hannu take karewa kafin fuska

A nan ne yawancin masu kallo ke yin kuskure. Ana ɗauka safar dambe an yi ta ne don tausaya wa wanda ake duka. Babban aikinta shi ne kare hannun mai dukan. Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, yawancinsu sirara, ƙoƙon kai kuwa, musamman goshi, ƙashi ne mai kauri da lanƙwasa. Idan dunƙulallen hannu ya haɗu da goshi da cikakken ƙarfi, hannun ne ke karyewa.

Safar ƙwararrun 'yan boksin tana da nauyin giram 227 ko 283, ga kuma naɗin bandeji mai kauri a ƙarƙashinta. Da wannan kariya mutum zai iya sakin duk ƙarfinsa a kan kai, turmi bayan turmi, ba tare da tunanin hannunsa ba. Da an cire ta, lissafin ya canza gaba ɗaya.

Karayar da ta fi yawa ita ce ta wuyan dogon ƙashin bayan hannu da ke ɗauke da ƙaramin yatsa. Tana faruwa ne idan aka kawo naushi daga gefe da faɗi, ya sauka a kan gaɓoɓi biyu na ƙarshe maimakon na yatsan nuni da na tsakiya, waɗanda ke kan layi ɗaya da ƙashin damtse. Sai a ga gaɓar ta nutse, bayan hannun ya kumbura. Ƙashin kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya haɗe, kuma haɗewa ba ita ce izinin komawa naushi ba. Sai karayar gindin babban yatsa, idan ya fito daga dunƙulen ya maƙale a gwiwar hannu ko saman kai, wadda sau da yawa sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Ta uku ba karaya ba ce, yagewar siririn zaren da ke riƙe jijiyar miƙe yatsa a kan gaɓa ce. Jijiyar sai ta riƙa zamewa gefe duk lokacin da aka dunƙule hannu. Wannan ita ce mai cin shekarun 'yan dambe a ɓoye, domin hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai a ci gaba da atisaye a kanta.

Saboda haka gwanayen wasan ba sa naushi irin na 'yan boksin. Suna rage ƙarfi, su ƙara saiti. Naushi miƙaƙƙe gajere, wuyan hannu a tsaye cak, ana neman hanci, haɓa, ƙasan ido, ko a sauka jiki a nemi hanta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, inda babu ƙashin da zai karya hannu. A ɓangaren kariya ma haka. 'Yar boksin ta saba ɗaga manyan safuna biyu ta ɓoye fuskarta a bayansu. Babu safa, wannan katanga ta rushe: dunƙule tsirara ƙarami ne, yana ratsawa tsakanin hannaye biyu, kuma idan ya sauka a bayan hannun mai karewa yana iya karya shi. Dole a koma kauce da kai, ture naushi da tafin hannu, da tarewa da damtse. Wasu ma kan sunkuyar da kai kaɗan da gangan don naushin ya sauka a saman goshi, mai dukan ta tafi da karyayyen hannu.

A sansanin horo ba a gwada juna da tsurar hannu, don wadda ta fashe gira a atisaye ta rasa wasan da take shirya wa. Da manyan safuna ake yi, wani lokaci da ƙananan safunan da ake amfani da su a UFC don a saba da ƙanƙantar dunƙule. Hannun kuma ana ƙarfafa shi da sannu, ta hanyar cusa yatsu cikin bokitin shinkafa ko yashi da dukan buhu a hankali ba safa. Wannan yana ƙarfafa wuyan hannu da riƙo. Ba ya mayar da siririn ƙashi mai kauri.

Mai kallon da ya saba da damben gargajiya zai ga kamar gida ɗaya ne, amma ba haka ba ne. A damben gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare har ya yi tauri, shi ne na duka, ɗayan kuma a buɗe yake don kariya da auna tazara. Turmi uku ake yi, ana shuri, kuma da mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa. Naɗin ɗan damben gargajiya ya rufe gaɓoɓin da dokar BKFC ta ce a bari a waje, don haka shi yana iya sakin ƙarfinsa duka a naushi guda. 'Yar damben tsurar hannu ba ta da wannan damar.

Gira, da minti ɗaya na mai tsayar da jini

Ƙashi a kan ƙashi, fata a tsakani: haka tsaga ke samuwa. Fatar gira da ta ƙundun kumatu siririya ce, a shimfiɗe kai tsaye a kan ƙashi mai kaifi, ga jijiyoyin jini birjik. Shi ya sa tsagar da ba ta wuce tsawon farce ba kan wanke fuska da jini. Yawan jini ba shi ne ma'aunin munin rauni ba, wurin tsagar ne. Wadda ke ƙasan ido jininta kumatu yake bi, ana iya ci gaba. Wadda ke saman ido cikin idon take zuba, ta rufe gani, kuma naushin da ba a gan shi ba shi ne mai kayarwa. Idan tsagar ta ratsa fatar ido kanta, ko ta kusanci kusurwar ido ta wajen hanci inda hanyar hawaye take, likita tsayar da wasan yake yi ko da 'yar damben tana kan gaba a maki.

A minti ɗaya na hutu, mai kula da rauni ne ke riƙe da wasan. Yana goge wurin da tsumma mai sanyi, ya tsoma auduga mai sanda cikin ruwan adirenalin da aka tsarma kashi ɗaya cikin dubu, ya cusa ta cikin tsagar, ya matse leɓunan raunin da yatsu biyu. Ba ya ɗagawa ya leƙa, don kowace leƙawa tana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. Da ɗaya hannun yana danna wani ɗan ƙarfe mai sanyi, wanda ya kwana cikin ƙanƙara, a kan kumburin ƙasan ido. Dannawa kawai, ba murzawa ba, domin murza kumburi ƙara fasa jijiyoyin yake yi. Daƙiƙa goma kafin ƙararrawa sai ya cire audugar, ya cike tsagar da man basilin. Dokar BKFC ta kuma ba alƙalin wasa damar tsayar da turmi ya ba wannan mutum daƙiƙa 30 idan jini ya rufe ido. In bai tsaya ba, wasa ya ƙare.

Abin da ke biyo baya ya fi muhimmanci, kuma shi ne ba a nunawa a bidiyo. Zaren ɗinkin fuska ana cire shi bayan kwana biyar zuwa bakwai, wurin ya yi kyau a ido. Amma a wannan lokaci ƙarfin fatar bai kai kashi goma cikin ɗari na asali ba. Sai bayan kusan wata uku tabo ke kaiwa iyakar ƙarfinsa, kuma iyakar nan ba ta wuce kimanin kashi 80 cikin ɗari. Tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. Kamar tufar da aka yi wa faci ne, a bakin ɗinkin take sake yagewa. 'Yar damben da aka mayar fage bayan wata biyu da sabon tabo a gira, an tura ta ne da alamar da abokiyar karawarta za ta nema tun naushin farko. Kowace sabuwar tsaga kuma tana ƙara tabo a kan tabo, har ta kai naushin da bai isa ya girgiza ta ba ya isa ya sa likita ya tsayar da wasanta.

Ƙwaƙwalwa: inda gardamar take

Hujjar masu goyon baya tana da tushe. Sun ce tunda hannu ba ya jure cikakken ƙarfi, naushin da ke sauka a kai ya fi sauƙi kuma ya fi ƙaranci. Wasan ma gajere ne, minti goma gaba ɗaya, alhali wasan kambun mata a boksin turmi goma ne na minti biyu, wato minti 20, na maza kuma minti 36. Sannan tsaga kan tsayar da wasa da wuri kafin duka ya taru. Wani bincike da aka wallafa kan wasanni sama da ɗari na shekarun farko ya nuna tsagar fuska ce ta fi yawa da nisa, karayar hannu na biye, girgizar ƙwaƙwalwa kuma ba ta da yawa. Sai dai jagoran binciken, Dakta Don Muzzi, shi ne babban likitan BKFC a lokacin, kuma abin da aka ƙirga shi ne raunin da aka gani a daren wasa.

Nan ne likitocin ƙwaƙwalwa ke ja. Lalacewar da aka fi tsoro a wasannin duka, wadda likita Harrison Martland ya fara bayyanawa a 'yan boksin tun 1928, ba a dare ɗaya take bayyana ba. Taruwa take yi shekara da shekaru, daga wasa da kuma atisaye, wanda har yau da safa ake yinsa. Wasan da aka halatta a 2018 bai yi tsufan da za a ga ƙarshen 'yan wasansa ba. Abin da ke sumar da mutum kuma shi ne juyawar kai ba zato, kuma ƙaramin dunƙule mai saiti a haɓa yana yin wannan sarai. Don haka maganar gaskiya ita ce cire safa ya canza nau'in raunin da ake gani nan take. Wanda ya ce ya tabbata ya fi boksin aminci ga ƙwaƙwalwa ya wuce inda hujja ta tsaya.

A Agustan 2021, a garin Biloxi na Mississippi, an kayar da Justin Thornton mai shekara 38 cikin daƙiƙa 19 a wani wasan BKFC. Ya faɗi ta fuska, ya samu rauni a laka, ya rasu a watan Oktoba. Kafin wannan dare ya sha kashi sau biyar a jere a wasannin da ya yi. Tambayar da mutuwarsa ta tayar ba ta safa ba ce, ta wanda ya amince a haɗa wasan ce. A 2023 ƙungiyar hukumomin dambe ta Amurka ta amince da dokoki na bai ɗaya ga wasan, amma har yanzu kowace jiha ce ke yanke ko za ta halatta shi da irin gwajin da za ta nema. A Birtaniya hukumar da ke kula da boksin na ƙwararru ba ta sa hannu a harkar. Akwai kuma masu ƙin abin daga tushe: ƙungiyar likitocin Birtaniya tun farkon shekarun 1980 take neman a hana boksin baki ɗaya, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuma ta yanke haramcinsa a 1987 saboda an gina shi a kan cutar da juna da dukan fuska.

Yadda ake tasowa cikin shekara guda

A boksin, kafin a kai mace wasan kambun duniya yawanci ta yi shekaru a matakin masu koyo, ta kuma tara wasannin ƙwararru. A damben tsurar hannu babu wannan tsani. Matan da ke kowane ajin nauyi 'yan kaɗan ne, kuma kamfanin da ke shirya wasa shi ne mai kambun, shi ke jera sunaye, shi ke zaɓar wa zai kara da wa. Nasara biyu ko uku, musamman in ɗaya ta yi jini ta zagaya intanet, sun isa a ce ga mai neman kambu.

Taylor Starling misali ce a fili. Ran 5 ga Fabrairu, 2021 ta yi turmi biyar da Charisa Sigala, wasan da su biyun suka fita da fuska a kumbure, aka yi ta yaɗa hotonsu. Ta ƙara cin wasa biyu a wannan shekara. A Agustan 2022, a wasanta na huɗu kacal, aka haɗa ta da mai riƙe da kambun kilo 57, Christine Ferea, a garin Rio Rancho kusa da Albuquerque a jihar New Mexico. Ferea ta girme ta da shekaru fiye da goma, ta fito daga damben Tailan inda riƙo da duka a kusa shi ne abincin yau da kullum, kuma tun 2018 take wannan wasa. Ba a cika minti ɗaya ba aka tsayar. Starling ba ta rasa zuciya ba, wasanta da Sigala ya riga ya shaida haka. An kai ta inda ba ta isa ba tukuna, saboda sunanta ya riga gwanintarta girma. Daga baya ta sauka ajin kilo 52, inda a 2024 ta kai ƙarshen turmi biyar da mai kambun ajin, ta sha kashi da maki.

Suna daga wani fagen ma ba ya ceto. Paige VanZant ta baro UFC a 2020 da miliyoyin mabiya, aka ruwaito kwantiraginta ta haura dala miliyan ɗaya. A wannan dare na Fabrairun 2021 Britain Hart ta doke ta da maki, a Yuli kuma Rachael Ostovich ta sake doke ta. Hannah Rankin 'yar Sikotilan ta riƙe kambun duniya na hukumar dambe ta WBA a boksin, ta kara da manyan zakaru irin su Claressa Shields. A wasanta na biyu babu safa aka ba ta damar kambun kilo 66 a Dubai a Afrilun 2025, Jessica Borga ta kayar da ita tun turmin farko.

Hanyar Britain Hart ce ta fi koyarwa. Ta shigo ba ta da wani babban suna a boksin. Ta sha kashi a hannun Rawlings a 2018, ta sha a hannun Ferea a 2019, ta sake sha a hannun Ferea a wasan kambu a Fabrairun 2022. A cikin waɗannan shekaru ta koyi abin da ba a koyo a bidiyo: yadda ake tattalin hannu har turmi na biyar, yadda ake riƙo, yadda ake ci gaba da gani da jini a ido. Da ta koma ajin da ya dace da jikinta, ta ci kambun kilo 52 a Satumban 2022, ta kuma kare shi sau da dama. Wadda ba a taɓa kira tauraruwa mai tasowa ba ita ce ta daɗe.

Don haka idan aka ce wance tana tasowa, adadin nasara shi ne abu mafi ƙarancin amfani. Abin dubawa shi ne su wa ta doke, kuma wasa nawa su suka taɓa ci. Ta taɓa kai turmi na biyar? Ta taɓa haɗuwa da mai iya riƙo? Wata nawa ne tsakanin ɗinkinta na ƙarshe da wasan da ke tafe? Mai horarwar da ya ƙi karɓar wasan kambu a wasanta na huɗu, ya nemi ƙarin biyu a tsakani, yana kare 'yar wasansa ne, ko da kamfani bai ji daɗi ba.

Kuɗin da ke janyo su

Dalilin shigowar mata da yawa a bayyane yake. A boksin, 'yan ƙalilan ne irin su Katie Taylor da Amanda Serrano, waɗanda suka cika babban zauren wasanni na Madison Square Garden da ke New York a Afrilun 2022, ke samun manyan kuɗi. Sauran na karɓar abin da ba ya biyan kuɗin sansanin horo. Sabon fage mai neman fuskoki yana ba da damar fitowa a talabijin da wuri, da masu ɗaukar nauyi, da mabiya a intanet waɗanda su ma kuɗi ne. Amma 'yar dambe ba ma'aikaciya ba ce mai albashi, ladan wasa take karɓa. Daga ciki za a cire na mai horarwa, na manaja, da haraji. Hannun da ya karye yana nufin watanni babu shiga. Wannan ne ke sa a karɓi wasa kafin tabo ya nuna, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa 'yar wasan laifin wannan ita kaɗai, tunda ba ita ta tsara yadda ake biya ba.

Abin da ya keɓanta da jikin mace

Ana auna nauyi kwana ɗaya kafin wasa, kuma da yawa kan sauke kilo na ƙarshe ta hanyar matse ruwan jiki. Ga mace, kwanakin da ke gab da haila jiki kan riƙe ruwa, ma'auni ya hau da kilo ɗaya ko fiye, sai a ƙara tsananta ƙishirwa. Wadda ta shiga fage ruwan jikinta bai gama dawowa ba, saurin ganinta da na kaucewarta sun ragu.

Mafi haɗari shi ne rage abinci na watanni tare da atisaye mai tsanani har haila ta ɗauke. Wasu kan ɗauki hakan alamar jiki ya murje, alhali gargaɗi ne: sinadarin da ke kula da haila shi ne kuma ke riƙe ƙwarin ƙashi. A wasan da jarinsa siraran ƙasusuwan hannu ne, wannan asara ce kai tsaye. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ma ya fi yawa ga mata, yana kuma cin numfashi. Hukumomi da yawa na neman gwajin ciki kafin wasa, tare da gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C, wanda a wasa mai jini haka ba abin wasa ba ne. A wasannin da maza da mata ke bin doka ɗaya, kamar ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando, bincike ya sha nuna mata sun fi samun girgizar ƙwaƙwalwa, kuma ana danganta wani ɓangare na hakan da ƙarfin wuya. Shi ya sa horar da wuya ba ƙari ba ne ga 'yar dambe, tushe ne.

Masu kwaikwayo a unguwa

Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna likitan da ke bakin fage, motar asibitin da ke jira, gwajin jini, robar kare haƙora, da dakatarwar kwana 30 zuwa 60 da hukumomi kan ɗora wa wadda aka tsayar ko aka sumar. Matasa maza da mata da ke haɗa irin wannan a bayan makaranta don su ɗauka da waya ba su da ko ɗaya daga ciki, ga shi a kan siminti ko busasshiyar ƙasa suke yi, inda faɗuwar ta fi naushin kisa.

Raunin da aka fi rainawa a irin wannan shi ne ɗan ƙaramin yanka a kan gaɓar dunƙule bayan an naushi baki. Haƙori kan huda fata har cikin gaɓar, ya bar ƙwayoyin cutar baki a ciki. Da an buɗe hannu sai fatar da jijiyar su ja baya su rufe hanyar, ramin ya zama kamar ƙwarzane. Cikin kwana ɗaya ko biyu hannun ya kumbura, ya yi zafi, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, kuma ruɓar na iya cinye gaɓar. Irin wannan rauni ba a ɗinke shi a kemis, ba a kuma ɗaure shi a jira. A wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu, a tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita a fili cewa haƙori ne, don da wannan bayanin zai zaɓi maganin ƙwayoyin cutar da ya dace, ya duba ko akwai guntun haƙori a ciki, ya kuma yanke ko sai an buɗe gaɓar an wanke.